Mutumin da Ya Rufe Jiƙaƙƙen Bango

Akwai wani mutum a ƙasar tuddai, inda sanyi yake ratsa mutum har ƙashi. Ya gaji tsohon gidan jan bulo daga mahaifinsa. Da aka aiko cewa mahaifiyarsa, tsohuwa mai raunin ƙirji, za ta dawo wurinsa da zama, sai hankalinsa ya tashi. Ya shiga ɗakin da zai sauke ta, ya fita, ya sake shiga, yana dafa bango. Bangon kuwa sanyi ƙarara.

Ya sayo auduga da katako, don ya shimfiɗa audugar a jikin bango daga ciki, ya rufe da katako, sanyi ya rasa hanya.

Matarsa ta ce, "Maigida, bangon nan a jiƙe yake. Indararo ya fashe, duk ruwan da aka yi bayan ɗakin yake bi. Ka gyara shi, bango ya bushe tukuna."

Ya ce, "Ina lokacin? Mama tana hanya. In na rufe, wa zai gani?"

Shi kuwa mutumin nan, in ya sa abu a ransa, ko zama ba ya iyawa. Ya buga ƙusa, ya shafa fenti. Ɗaki ya yi kyau, maƙwabta suna ta yabo.

Tsohuwa ta zo, ta sa masa albarka. Ba a daɗe ba ta fara tari. Ya kawo magani, ya ƙara bargo, ya toshe taga, amma ina! Tari sai gaba yake yi. Wata safiya ta ce, "Ɗana, ɗakin nan wari yake yi kamar tsohuwar rijiya."

Ya ɗauko guduma, ya ɓamɓare katako ɗaya. Kash! Auduga ta yi baƙi ƙirin da fumfuna, tana ɗigar ruwa, bulo yana marmashewa a hannunsa. Ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka, gama da hannunsa ya gina wa uwarsa wannan ciwo.

Ma'anar wannan misali ita ce: bangon shi ne zuciyarka. Ruwan shi ne zunubin da ka ƙi furtawa a gaban Ubangiji, ko ƙiyayya ce, ko ƙarya. Katako da fenti su ne kayan Lahadi da waƙa mai daɗi. Muna rufewa, muna cewa wa zai gani? 'Yan'uwa, Allah yana gani, waɗanda suke kwana a gidanka kuma su ne suke shaƙa. Ka ɓamɓare katakon yau, ka gyara indararon, tun mai tarin tana da sauran numfashi.