Gawon Jatau

Dalilin da ya sa gawo yake tsayawa tsirara da damina, alhali kowace bishiya ta sha ado, ba taurin kai ba ne kamar yadda kuka ji ana faɗa. Ku matso in gaya muku, ko da yake labarin yakan ɓata mini rai.

A da gawo kamar sauran itatuwa yake, ganye da damina, sanduna da rani. A lokacin mutanen Kwarin Maje suna da wata al'ada ta banza: wai gonar namijin gaske sai an share ta fes kamar tsakar gida. Duk wanda ya bar toho a gonarsa rago ne, ba mai zuwa gayyarsa. Suka yi ta sara suna ƙonawa, har kana iya hango kan gonarka daga ƙofar gida, su kuwa suna ta washe baki.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, wani manomi wai shi Jatau. Akwai wani tsohon gawo a tsakiyar gonarsa, da 'yan toho kewaye da shi. Maimakon ya tuge su, sai ya riƙa rage musu rassa yana barin masu ƙarfi su tashi. Aka sa masa suna mai noman ƙaya.

Da itatuwa suka ƙare, iska ta sami hanya. Ana shuka, sai ta kwaso yashi ta binne. Sau uku aka yi shuka a shekara ɗaya, rumbuna suka tashi wayam. Kun san laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sarkin Noma Barmo, wanda shi kaɗai ya kayar da itatuwa sun fi ɗari, ya tara jama'a ya nuna gawon gonar Jatau.

"Ga annobarmu can! Inuwarsa tana kashe gero, tsuntsaye kuma a kansa suke taruwa. Jatau, ko ka sare shi kafin Juma'a, ko ka nome gonarka kai kaɗai har ka mutu."

"Ranka ya daɗe, ai a gonata kaɗai shuka ta tsira."

"Kai, rufe mana baki! Mu za ka koya wa noma?"

Jatau ga tsufa, ga iyali, ba gayya ba abinci. Ranar Alhamis da hantsi ya saɓa gatari ya nufi gona, hawaye na zuba. Ya ɗaga ke nan sai gawo ya ce, "Dakata, Jatau. Me na yi musu?"

"Wallahi ba ka yi komai ba. Wai inuwarka ce."

"Inuwar da suke kwanciya a ciki in sun gaji? To, na ji. Je ka gaya musu, daga bana zan tuɓe ganyena da damina, rana ta sami geronsu, ganyen kuma ya zama taki. Da rani, in kowa ya bushe, ni zan yi kore, awakinsu su ci 'ya'yana. Abu ɗaya nake roƙo, a bar mini 'yan tohona su girma."

Jatau ya kai saƙo. Barmo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce an yarda, a ga ƙarshen ƙarya. Ruwan farko na sauka, gawo ya zubar da ganyensa kaf. Geron da ke gindinsa ya fi na kowa tsawo, zangarniya kamar damtse.

Kuna tsammani wani ya je ya ba Jatau haƙuri? Ko ɗaya! Barmo ma cewa ya riƙa yi a kasuwa dabararsa ce. Shekara biyu aka bar toho, a ta uku aka ga rumbu ya cika, aka koma gidan jiya. Mutum ke nan, ya ci ya goge baki.

Shi ya sa har yau, in damina ta kankama, za ku ga gawo tsaye ba ko ganye ɗaya, ruwa na dukansa. Alkawari yake cikawa, kuma bai taɓa saɓawa ba ko da shekara ɗaya. Mu kuwa, ɗazu da safe na ga ubanku ya nufi gona da gatari, wai za shi shara.