Indararon da Ya Yi Shiru

Akwai wani mutum mai gidan soro a bakin kasuwa, yana zaune da matarsa da mahaifiyarsa, tsohuwa ce wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta. A garinsu, da zarar bazara ta kama, kowane magidanci yakan kwaɓa ƙasa ya yi wa gidansa yaɓe, sa'an nan ya hau kan soro ya share indararo, domin ruwan sama ya sami hanyar sauka.

Mutumin nan kuwa gwanin yaɓe ne. Ya gyara fuskar gidan har da zane, duk mai wucewa sai ya tsaya ya yaba, shi kuma yana zaure yana jin daɗi. Hawa sama ne kawai bai yi ba. Tsani yana gidan maƙwabci, rana tana da zafi, kuma wa zai ga abin da ke kan soro in ba tsuntsu ba?

Da aka yi ruwan fari, tsohuwa ta kira shi ta ce, "Kai, na ji indararon kowane ɗaki yana zuba. Nawa ne kaɗai ya yi shiru."

Ya ce, "Inna, ai yayyafi ne. Gobe zan hau."

Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka.

Ran nan da la'asar hadari ya taso daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Mutumin ya leƙa tsakar gida yana kallo. Indararon zaure yana zuba, na ɗakin matarsa yana zuba. Na ɗakin Inna kuwa, ko ɗigo babu. Nan take tsoro ya kama shi. Duk ruwan nan da ke sauka, ina yake tafiya? Yana can ya taru a saman kan uwarsa.

Ya ruga da gudu. Ƙofar ta cije, domin nauyin rufin ya danne ta. Ya buga da kafaɗa sau uku kafin ta buɗe. Ga jan ruwa yana ɗiga a kan bargon tsohuwa, azara ta lanƙwashe tana ƙara, ita kuwa tana kwance ta zuba wa rufin ido.

Ta ce, "Na yi ta kira, ƙarar ruwa ta hana ku ji."

Ya goya ta, ya nufi ƙofa. Fitowarsu ke nan, sai rufin ya rufto, rugum, daidai kan gadonta.

Da ruwa ya ɗauke, ya tono indararon daga cikin laka, ya zura hannu a ciki. Sheƙar tsuntsu ce da 'yar leda, ba su ma cika tafin hannunsa ba. Ya zauna a cikin taɓo ya yi kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, gidan nan rayuwarka ce. Yaɓen waje shi ne abin da mutane suke gani, tufafin Lahadi da ɗaga murya a waƙar sujada. Indararo kuwa tuba ce da yafewa, hanyar da Ubangiji ya ba mu domin laifi da fushi su fita daga zuciya. Abin da yake toshe ta ba shi da girma: 'yar gaba da ɗan'uwa, ƙaryar da ba ka furta ba, addu'ar da ka ce sai gobe. Ba wanda yake gani, amma nauyi yana ta taruwa.

'Yan'uwa, abin da yake ba ni tsoro shi ne, rufin bai faɗo a zauren da mutumin yake zaune ba. A kan gadon uwarsa ya faɗo. Yau in ka koma gida, ka dubi waɗanda suke kwana ƙarƙashin rufinka, ka je ka ɗauko tsani.