Katangar da Aka Hana Rariya

A Kagarawal, cikin garin Gombe, akwai wani mai kiwon kaji, Malam Shu'aibu. Mutum ne mai ƙwazo, sai dai taurin kai. In ya kafe, ko uban wa ya yi magana, a banza.

Gidansa yana gangare, ƙasa da na maƙwabcinsa Baba Lazarus. Tun zamanin iyayensu, ruwan sama daga gidan Lazarus ta ƙarƙashin dangar Shu'aibu yake bi ya fita kwata. Kowace damina kuwa sai iska ta kwantar da dangar. Da Shu'aibu ya gaji, ya ce bana katangar bulo zai yi a bayan gida. Aka haƙa tushe, aka kafa ginshiƙai da rodi. Har nan babu laifi. Sai gogan naka ya hana a bar rariya.

Baba Lazarus ya zo da kansa. "Malam, ka bar ɗan rami ko kamar tafin hannu. Ruwan nan ba ni nake aiko shi ba."

"Kowa ya ji da ruwan gidansa, Baba. Na gaji da kwasar ledojinku."

Matarsa Barira ta ce, "Haba Malam! Iska ce ta dame mu, ina ruwanka da hanyar ruwa?" Ya ce mata ba su san gini ba. Don ma ya nuna ya isa, ya jingina kejin kajinsa duka da sabuwar katangar. Kai, wannan mutum da ban haushi yake!

Wata la'asar cikin Agusta hadari ya haɗu, aka kece da ruwa. Iska ta yi ta dukan katanga, ko gezau. Shu'aibu yana baranda yana murmushi, ya dubi Barira. "Kin gani ko?" Ashe a ɗaya ɓangaren ruwa ya taru har gwiwa yana cin tushe. Katanga ta tsage, ta rufta kan kejin. Ko kaza ɗaya ba ta fita ba.

Da ruwa ya ɗauke, Baba Lazarus, wanda ɗakinsa ma ya cika da ruwa, ya tako ta giɓin, wando a naɗe, ya taya Shu'aibu tono kajin. Barira ta dubi giɓin, takaici ya ishe ta.

"To Malam, ga rariya nan. Har mota ma za ta wuce."

Darasin a fili yake: ƙarfin gini ba a siminti kaɗai yake ba, har da jin shawara da kiyaye haƙƙin maƙwabci. Wanda ya toshe wa ruwa ƙaramar hanya, ruwa zai buɗe wa kansa babba. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.