Ranar da Zakara Ya Yi wa Mai Gayya Zambo

An yi wani Zakara mawaƙi a Kurmin Tsamiya. Murya kam Allah ya ba shi, sai dai girman kansa ya fi muryar. Idan zai rera waƙa sai ya miƙe wuya ya runtse ido, wai ganin jama'a yana rage masa jin daɗin muryarsa. Shekara bakwai yana waƙa, bai san fuskar kowa ba.

Abokan sana'arsa biyu ne. Biri ne mai ganga, ga iya kiɗa ga saurin fushi. Kunkuru kuwa shi ne sanƙira, wato mai tsayawa kusa da kunnen mawaƙi yana raɗa masa sunan kowa da na iyayensa. Nawa gare shi, amma babu gidan da bai san asalinsa ba.

Wata damina Sarkin Noma, wani Ɓauna, ya kira gayya a gonarsa. Ya ba Kunkuru goron gayyata, ya ce mawaƙin da ya fi burge shi ranar, shi zai naɗa Sarkin Makaɗan gidansa. An gayyaci Kwaɗo da 'yan amshinsa su ma. Zakara ya ƙwallafa rai a kan sarautar nan, har ya riƙa leƙa ruwan kasko yana duba yadda rawani zai zauna a kan zankonsa.

Ranar gayya aka wayi gari da matsala. Ruwa ya kwana yana zuba, ɗakin Biri kuwa yana yoyo. Fatar ganga ta jiƙe ta saki. Biri ya hura wuta, ya kara gangar a gefe yana jujjuya ta.

Zakara ya iso yana taƙama, ya ce, "Kai Biri, ganga za ka gasa mana mu ci?"

"Fata ta saki. Sai ta ji wuta za ta yi magana."

"Ni ne maganar! Ganga rakiya ce kawai. Ɗauko ta mu tafi, kafin Kwaɗon nan mai maƙogwaron tulu ya riga mu."

Biri ya yi tsalle ya dire. "Rakiya? Ranar da ka shaƙe a bikin Zomo, wa ya rufa maka asiri?"

Kunkuru ya miƙo wuya a hankali ya ce, "Yara, ku yi haƙuri. Ɗan jira ne kaɗan. Ni ma kun san tafiyata, sai ɗayanku ya goya ni."

Zakara ya kwashe da dariya. "In goya ka? Ni? Tsoho, me kake yi mana ban da hura mini iska a kunne? Ka taho a hankali, ka same mu ana naɗa ni."

Ya sa ƙafa ya watsa wutar. Biri ya rataya ganga tana danshi, ya bi shi yana ƙunƙuni. Suka bar Kunkuru yana jan ciki a baya.

A gona, manoma sun yi sahu sun duƙa, garemani sai tashi suke suna sauka. Kwaɗo na gefe yana ta ƙoƙari, ba wanda ya kula shi. Zakara ya duba ya duba. Ɓaunaye sun fi ashirin, bai san wanne ne mai gayyar ba.

To, a al'adar gayya kowane manomi da takensa. Da ya ji an kaɗa nasa sai ya ɗaga garma sama ya yi kirari. Zakara ya matsa kusa da Biri ya ce, "Kaɗa taken Sarkin Noma mu ga wa zai amsa."

Biri ya sa gula ya doka. Ganga ta ce buf. Ya sake dokawa, ta ce buf buf, kamar ana kakkaɓe tsohuwar katifa. Ko mutum ɗaya bai ɗago kai ba.

"Ka ji rakiyarka," in ji Biri.

Tambaya ce mafita, amma Zakara ya ga tambaya zubar da girma ce. Sai ya hango wani ƙaton Ɓauna zaune a gindin ɗorawa, da babbar riga fara tas, yana shan fura. Ya ce a ransa, ai sarki ba ya ɓuya. Ya haye kututture, ya miƙe wuya, ya runtse ido, ya saki murya:

"Sarkin Noma mai farar riga,
Ƙahonka biyu cif, ba irin na wasu ba!"

Na gindin ɗorawa ya ajiye ludayi yana murmushi. Shi kuwa ɗan baffan Sarkin Noma ne, wanda ya nemi sarautar noman bai samu ba. Fura da tsegumi suka kawo shi.

Zakara ya san waƙar yabo ba ta cika sai an yi wa wani zambo. Ya tuna da wani gajeren tsohon Ɓauna da ya gani a gaban sahu, mai karyayyen ƙaho, jikinsa duk taɓo. Biri ya ja shi a jela, ya fizge. Ya ƙara ɗaga murya:

"Ga wani guntu mai ƙaho ɗaya,
Ya yi wanka da taɓo don a ce manomi ne,
Ko kaza ta fi shi tonon ƙasa!"

Gona ta yi tsit. Zakara ya ɗauka daɗin waƙa ne ya kashe musu jiki, sai ya maimaita baitin.

Da ya buɗe ido, sai ga mai ƙaho ɗaya tsaye a gabansa yana huci.

"Yaro, wa ya gayyace ka?"

"Sarkin Noma da kansa. Matsa can, kana tare masa ni."

"Ni ne Sarkin Noman. Ƙahon nan a gona ya karye." Ya nuna gefen gonar da garma. "Ka ce kaza ta fi ni tonon ƙasa. To ga kunyoyi goma sha biyu can. Nuna mini."

Zakara ya sauko daga kan kututturen. Ya shiga tono da ƙafa, ciyawa na shiga masa baki, taɓo ya ɓata zankon da ya tanadar wa rawani.

Rana ta take tsaka Kunkuru ya iso. Zakara ya ɗago da murna ya ce, "Baba Kunkuru! Zo ka ba shi haƙuri, kai ka san shi!"

"Iska ce kawai nake hurawa, ɗana," in ji Kunkuru. Ya wuce ya zauna kusa da kunnen Kwaɗo.

Biri ma ya bi shi, don zuwa lokacin rana ta busar da ganga. Ya kaɗa taken Sarkin Noma, tsohon ya ɗaga garma ya yi kirari, gona ta ɗauki sowa. Kunkuru yana raɗa masa, Kwaɗo ya jero sunan uban Sarkin Noma da na kakansa da muryar nan tasa mai kama da tulu, bai kuskure ko ɗaya ba. Kafin la'asar an naɗa masa rawani. Zakara yana kunya ta uku, yana kallo, yau kam ido buɗe.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ke gaba a kowace sana'a kada ya raina waɗanda ke bayansa, don su ne ke riƙe da shi. Kuma wanda ya ga tambaya ƙasƙanci ce, wata rana zai zagi mai gida a cikin gidansa.