Goribar da ta Fasa Goshin Tasalla

A wani zamani mai tsawo da ya shige, tun ana jin muryar aljannu da rana tsaka, an yi wani sarki a Birnin Tsamiya Bakwai, ana ce da shi Jatau, mai arziki da ƙasaita, wanda Allah ya jarraba da fadawa irin waɗanda in sarki ya yi atishawa sai su ce hikima ce. Ɗansa ɗaya tak, Zubairu. Uwa da uba ba sa faɗin sunansa don ɗan fari ne, dangi ba sa faɗi don sunan marigayi sarki aka mayar masa, talakawa kuwa wa ya isa? Yaro ya tashi bai taɓa jin sunansa a bakin mutum ba.

A makarantar fada, inda yayar sarki, Magajiya Kubura, take koyar da 'ya'yan masu sarauta, shi kaɗai yake zama bisa kilishi, sauran yara can nesa sun sunkuyar da kai kamar tumakin da ruwa ya doka, don iyayensu sun ja musu kunne.

Magajiya ce ta fara lura inuwar yaron tana ƙanƙancewa. Bokaye suka ci raguna suka yi gaba, malaman duba suka share ƙasa suka ce sammu ne. Ita kuwa ta bi sawunsa wata rana har gindin kukar bayan makaranta, ta ji wata murya mai sanyi tana cewa, "Zubairu, zo mu yi wasa."

Ta daki kukar da sanda. "Fito, tsohon banza mai satar 'ya'yan mutane!"

Aljani Ƙurungu ya fito, kansa na gogar reshe, ya ce, "Ya ke jinin sarauta, ban yi sata ba. Abin da masu shi suka ƙi kira, na wanda ya kira ne. Ranar da inuwarsa ta ƙare, nawa ne har abada, sai fa in tsaransa ya kira shi da suna don ransa ya so, ba don an sa shi ba."

Da labari ya kai fada, Galadima ya miƙe ya gyara rawani. "Allah ya ja zamaninka, a yi shela kowane yaro ya faɗi sunan!" Aka jera yara a makaranta suna faɗin sunan kamar masu haɗiye maɗaci, kowanne ubansa na tsaye yana ƙara masa "ranka ya daɗe" a ƙarshe. Inuwa ta ƙara guntulewa, saura kamar tafin hannu.

Magajiya ta ce, "An ce ba don an sa shi ba, kai kuma ka sa. Rawanin nan naka, Galadima, kabewa ya rufe. Ku fice mini daga makaranta!"

Ta naɗe kilishin ta jefar, ta zaunar da yaran a da'ira bisa ƙasa, gwiwa na taɓa gwiwa, ta ɗauko goriba. "Wanda ke riƙe da ita ya kira sunan wani, ya faɗi abin da yake so a ci tare da shi, ya jefa masa."

Wasa ya kankama. "Ilu, ɗanwake!" "Hajjo, alewa!" Dariya ta ɓarke, amma goriba tana ta tsallake ɗan sarki. Magajiya ta ciji leɓe, ta hana kanta magana, don ta san in ta sa baki ta ɓata. Can goriba ta kuɓuce ta gangara gabansa. Ya ɗauka, shi da bai taɓa jifa ba, ya ce a hankali, "Tasalla, fura," ya wurga da duk ƙarfinsa. Ƙwas! A goshin Tasalla, ɗiyar Galadima.

Ta zabura, jini na zuba. "Kai Zubairu, makaho ne kai? Haka ake jifa a gidanku? Tashi in nuna maka, sakarai!"

Galadima, da ke laɓe a bakin ƙofa, ya faɗi sumamme. Kukar ta yi ƙara ta tsage biyu, inuwar yaro ta miƙe har bango, shi kuwa yana ta ƙyaƙyata dariya yana cewa, "Sake faɗi!"

Sarki ya hana kilishi a makaranta, ya sa goriba ta zama darasin farko na kowace safiya. Da suka girma aka ɗaura auren Zubairu da Tasalla, Galadima yana ta bugun ƙirji wai shi ya tarbiyyantar da ita haka. Matan birni suka yi ta gulma, don ita kaɗai ce matar da ke kiran mijinta da suna gatsal. In an yi mata faɗa sai ta nuna tabon goshinta ta ce, "Da jinina na saye shi, ku ne za ku hana ni?"