Kwantenar da Ta Ƙi Mutuwa

Akwai wani mutum, sunansa Irmiya, wanda Allah ya ba shi basirar aikin kwamfuta. Manoman rani na garinsu madatsa ɗaya ce ke ba su ruwa, bi da bi, kowane yankin gonaki da ranarsa. Sai ƙungiyarsu ta roƙe shi ya yi musu dabarar da za ta riƙa aika wa kowa saƙo a waya, ta gaya masa ranar da za a sako masa ruwa.

Irmiya bai sayi na'ura ko ɗaya ba. Akwai manyan kamfanoni da suka cika gidaje da kwamfutoci a ƙasashe masu nisa, suna ba da hayarsu ta intanet, masu sana'ar suna kiran wannan gajimare. A can ya kama hayar 'yan na'urori, ya haɗa su rukuni ɗaya. Manhajar aika saƙon kuwa ya ɗura ta cikin abin da suke kira kwantena, wato ƙunshi guda mai ɗauke da manhaja da dukan kayan aikinta. Sa'an nan ya naɗa wata babbar manhaja ta zama wakili bisa rukunin, ya ba wakilin umarni ya ce, "Ga samfur. Kullum ka tabbata kwantena uku irinsa suna aiki. In ɗaya ta mutu, ka ta da wata a madadinta."

Amma samfurin da ya miƙa na gwaji ne, ranakun ruwan bara ne a ciki. Da aka kawo masa ranakun bana, kamata ya yi ya shirya sabon samfur, ya koma wurin wakili ya sake umarni. To, Irmiya mutum ne mai gaggawa, ko tuwo ba ya jira ya huce. Ya ce a ransa, wa ke da lokacin wannan dogon zagaye? Ya shiga kwantenonin ɗaya bayan ɗaya, ya gyara ranakun da hannu, ya rufe kwamfutarsa. Saƙonni suka tafi daidai, manoma suna sa masa albarka.

Ana nan, sai ɗaya daga cikin na'urorin hayar ta tsaya. Wakili bai yi barci ba. Nan take ya ta da sabuwar kwantena daga samfurin da aka ba shi, ita kuwa ta kama aika ranakun bara. Wasu manoma suka wuni bakin kwata da fatanyunsu, ko ɗigo bai zo ba.

Shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai suna Baba Istifanus, ya zo gidansa ya zauna, suka gaisa. Ya ce, "Ɗana, lokacin dashen tumatir ya yi. Ka san iri in an cire shi, ranar yake son ruwa. In saƙonka ya yi mana ƙarya ranar dashe, mun yi asarar shekara."

Irmiya ya ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku. Yanzun nan zan yi maganinta."

Ya buɗe kwamfuta, ya nemo kwantenar mai ƙarya, ya kashe ta. Ya ce, "Shi ke nan, Baba, na gyara." Dattijo ya yi godiya ya tafi. Bai kai bakin titi ba wakili ya riga ya ta da wata, irin waccan sak. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Saƙo ya shiga wayar Baba Istifanus cewa ruwansa Talata. Ya gaskata, gama an ce masa an gyara. Ya tara iyalinsa suka cire iri, suka dasa fangali bayan fangali, suka zauna jira. Ruwan nan kuwa na Juma'a ne.

Da labari ya kai wa Irmiya, sai ya koma kan kwamfutarsa. Ya kashe kwantenar, ta tashi. Ya sake kashewa, ta sake tashi. Haushi ya kama shi, ya buga wa Malama Biriskila waya, wadda ta koya masa sana'ar. Ya ce, "Malama, wakilin nan ya zama mai taurin kai. Duk abin da na kashe sai ya dawo da shi."

Ta ce, "Me ka gaya masa tun farko?"

Ya faɗa mata umarnin da ya ba wakili, da tsohon samfurin da har yanzu yake hannunsa.

Ta ce, "Irmiya, ba taurin kai yake maka ba. Biyayya yake maka."

Sai ya zauna ya yi aikin da ya guje wa, ya shirya sabon samfur, ya sake umarni. Bai ƙara taɓa kome ba. Yana kallo wakili da kansa ya riƙa sauke tsofaffin kwantenoni ɗaya ɗaya, yana ta da sababbi masu faɗin gaskiya. Aikin duka bai kai dahuwar shayi ba.

Ya tafi gonar Baba Istifanus cike da kunya. Ya tarar da dashen ya kwanta, ya bushe. Dattijon bai ɗaga murya ba, ya dai tsinko tsiro ɗaya ya sa masa a tafin hannu, ya ce, "Na'urarka ta yi abin da ka ce mata. Ni ma na yi abin da ka ce mini."

Yanzu ku kasa kunne ga ma'anar misalin. Kwantenonin nan su ne halayenmu da mutane ke gani: maganar bakinmu, da fushinmu, da yadda muke yi wa na gida. Samfurin da ke hannun wakili kuwa shi ne abin da muka ajiye a zuciya. Da yawanmu gyaran hannu muke yi. Ranar Lahadi mu kame baki, mu yi murmushi a ƙofar ikilisiya, mu ce daga yau na daina. Mu kashe ƙarya da safe, kafin azahar ta tashi. Sai mu ce Shaiɗan ne ya matsa mana, alhali zuciya ce take fito da abin da aka ba ta ajiya, da aminci kuma take yi.

Ba mu da ikon yi wa kanmu sabuwar zuciya, amma muna da ikon komawa wurin Ubangiji, mu buɗe masa tsohuwar, mu ce ga ta, ka sabunta ta. In ya sabunta ta, halin zai bi, ko da sannu ne. Kada dai mu yi jinkiri. Irmiya ya gyara umarninsa, amma tumatirin Baba bai tashi ba. Akwai wani a gidanka da ya ji ka ce "na gyara", ya gaskata ka, ya riga ya cire irinsa yana jiran ruwa.