Ƙwan Gwamma a Saman Ruwa

A wata kasuwar ƙauye an yi wata mai sayar da ƙwan zabi, sunanta Gwamma. Kullum tana ajiye ƙwarya da ruwa a gabanta. Ƙwan da ya nutse mai kyau ne, wanda ya taso kuwa ya lalace.

Sarkin Kasuwa yana son ya ba surukinsa rumfarta, sai ya ce, "Gwamma, gobe ki kawo mini lafiyayyen ƙwai da zai taso saman ruwa. In kin kasa, ki bar rumfar nan."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe."

Washegari ta zo da ƙwaryarta, ta saka ƙwai a gaban jama'a, sai ga shi a sama.

Sarkin Kasuwa ya ce, "Ai ruɓaɓɓe ne!"

Ta fasa shi, ga gwaiduwa jawur. Ya tsoma yatsa a ruwan, ya lasa, ya yamutsa fuska.

"Kin yi maguɗi! Wannan ba ruwa ba ne, gishiri ne!"

"In gishiri ne, ranka ya daɗe, a kawo buhu a zuba, ka kai wa uwargida."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "To, yaya aka yi ya taso?"

"Gishirin da na narka ne ya ƙara wa ruwan nauyi, sai ya ɗauki ƙwan. Zama a sama ba ƙoƙarin ƙwai ba ne, na ƙasa da shi ne ke ɗauke da shi. Ko kai, ranka ya daɗe, ai haka muke ɗauke da kai."